Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Cizon Sauro Ba

Da zarar damina ta kankama, sai shagunan sayar da magunguna su cika da ma'aikata da ɗalibai, kowa yana neman maganin zazzaɓin cizon sauro, alhali kuwa ba wanda aka auna jininsa. Zafin jiki da ciwon kai ba su isa hujja ba, domin taifot da sanƙarau da mura duka da haka sukan faro.

Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da magani. Gwajin kuwa ba wuya gare shi ba: a tsaki ɗan yatsa a ɗebi ɗigon jini, cikin minti 15 zuwa 20 a ga sakamako.

Haka nan kuma akwai waɗanda har yau suke riƙe da kulorokwin, ba su san Nijeriya ta sauke shi tun 2005 ba, saboda ƙwayoyin cutar sun bijire masa. Wanda ya gaje shi magani ne na haɗi, irin su Coartem, ana shansa sau biyu a rana har kwana uku, tare da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi sosai. Abin takaici, wasu da sun ji sauƙi a rana ta biyu sai su adana sauran don gaba, watau sun bar wa cutar iri ke nan.

In gwaji ya nuna babu cutar amma zazzaɓi ya ƙi sauka, sai asibiti, balle yaro ya sanƙare wuya ko ya shiga jijjiga.