Dajin Yankari: Abin Da Ya Kamata Mai Niyyar Zuwa Kallon Namun Dawa Ya Sani

A ƙasar Bauchi, cikin yankin Alkaleri, akwai wani daji mai faɗi wanda hukuma ta haramta farauta da kiwo da saran itace a cikinsa, domin namun dawa su zauna lafiya su hayayyafa. Sunansa Yankari. Gwamnatin Jihar Arewa ta wancan zamani ce ta keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu kallo a watan Disamba na 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, kana a 2006 ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne.

Mutane da yawa sun ji labarin wurin, suka tara kuɗi, suka ɗauki iyali, suka tafi, suka komo suna cewa ba su ga kome ba sai ciyawa da birai. Galibi ba laifin dajin ba ne, laifin lokaci ne. Ɗan kasuwa ya san ba a kai kaya kasuwa ran da ba ta ci. To, haka dajin nan yake, yana da lokacin cinsa.

Asirin al'amarin duka yana ga wani kogi da ake kira Gaji, wanda ya ratsa dajin. Da damina, tun daga wajen watan Mayu har zuwa Satumba, ko'ina akwai ruwa, kowane kwari ya zama tafki. Saboda haka namun sai su watsu cikin daji, ba abin da zai tilasta musu su zo bakin kogi. Bugu da ƙari ciyawa takan yi tsawo har ta shanye mutum, giwa ma da girmanta sai ta tsaya kusa da hanya a wuce ta ba a sani ba. Hanyoyin cikin daji kuwa sukan yi taɓo, mota ta kafe. Amma idan kaka ta wuce, hunturu ya busar da ciyawa, tafkuna suka ƙafe, babu sauran mashaya sai Gaji da maɓuɓɓugan da ke zuba cikinsa. A sa'an nan kowace dabba, babba da ƙarama, dole ta sauko fadama. Don haka wanda ke son ganin namu da yawa sai ya nufi wurin daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, mafi kyau kuwa Fabrairu da Maris da Afrilu. Sai dai a san cewa bazarar wurin ba wasa ba ce. Tsoho ko mai rauni gara ya zaɓi Janairu ko farkon Fabrairu, ya haƙura da ƙarancin abin da zai gani, da ya je zafin Afrilu ya kwantar da shi.

Maganar hanya ba ta da wuya. Mai tasowa daga Kano ya bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi ya sauka Bauchi. Mai tasowa daga Jos ya bi ta Toro. Daga Bauchi sai a ɗauki hanyar Gombe har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, daga nan a ratse kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, nan ne ƙofar dajin. A ƙofa ake biyan kuɗin shiga, na mutum da na mota. Daga ƙofa zuwa masauki, wato sansanin Wikki, akwai sauran wajen kilomita 40 cikin daji tsantsa, ba gari, ba mai sayar da man fetur, ba bakanike. Jimlar tafiyar daga Bauchi ta kai kamar kilomita 110. Lalle ne a cika tanki tun daga birni, a duba tayar safiya, a kuma taso da hantsi domin kada dare ya riski mutum a hanya. Wani abu kuma da bai kamata a ɓoye ba: a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun taɓa kai hare-hare a wasu ƙauyukan ƙasar Alkaleri. Mai hankali sai ya tambayi ma'aikatan dajin da direbobin tashar Bauchi halin da hanya ke ciki a makon da zai tashi, kada ya dogara da labarin bara.

A Wikki akwai ɗakunan kwana iri iri, daga masu tsada zuwa na masu ƙaramin ƙarfi, da wurin cin abinci. A lokacin hutun Salla da na ƙarshen shekara wurin yakan cika maƙil da ɗalibai da ma'aikata, har a rasa ɗaki. Wanda ke son natsuwa ya zo tsakiyar mako, ya kuma nemi ɗaki tun kafin ya baro gida. Kwana biyu shi ne mafi ƙanƙanta. Mai zuwa da safe ya juya da yamma ya yi asarar kuɗin mota kawai, domin namun dawa ba su fitowa da tsakar rana. Sau biyu ake fita kallo, da sassafe da kuma bayan la'asar, a cikin motar dajin tare da ɗan rakiya wanda ya san sawu da mashaya. Mai kwana biyu ya sami fita uku ko huɗu, in ya rasa giwa yau ya same ta gobe.

Game da guzuri, a riƙe ruwan sha da yawa, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi, da tocila, da mayafi mai kauri in da hunturu ne, gama sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota yana ratsa ƙashi. A fadamar Gaji akwai ƙudan tsando, cizonsa da zafi ainun, kuma an san yana bin tufa baƙa da shuɗiya. Wannan kuwa abin lura ne ga masu son baƙar riga da rawanin turkuɗi, gara su ajiye su a ɗaki su sa tufa mai launin ƙasa, mai dogon hannu. Wanda ya sami tabarau mai jawo nesa ya riƙe, domin tsuntsayen dajin sun haura iri 350.

To, me ake gani? Akwai ɓauna garke garke, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da gadu. A cikin ruwa akwai dorina da kada. Gadu ma ya saba da mutane, har tsakar sansani yake kiwo a durƙushe. Amma maƙwabcin da ya fi damun baƙo shi ne gogo. Gogon Wikki ya ƙware da sata ƙwarai: yana tura ƙofar da ba a kulle ba, yana shiga ta taga, yana fizge leda daga hannun yaro. Sau da yawa baƙo yakan bar ƙunshin kilishi ko goro a kan kujerar mota, ya juya baya, ya tarar an yi gaba da shi. Kada a ba su abinci, kada a bi su da sanda, gama babban namijinsu yana da fiƙa kamar ta kare, ko ma ta fi. A kulle ƙofa, shi ke nan.

Zaki yana nan, amma kaɗan ne ƙwarai, ganinsa sa'a ce babba. A Nijeriya duka ba a san inda ya rage ba sai Yankari da dajin tafkin Kainji. Raƙumin dawa kuwa ya ƙare a Yankari tun tuni. Mai son ganinsa a ƙasar Bauchi sai ya je Sumu, cikin yankin Ganjuwa, inda aka ajiye waɗanda aka kawo daga ƙasar Namibiya tare da jakunan dawa.

Giwa ita ce sarauniyar wurin, ita ce kuma ta fi bukatar bayani. Garken Yankari yana cikin manyan garkunan da suka rage a Nijeriya, alhali kuwa bai kai yawan da yake da shi a dā ba, domin maharba sun yi masa ɓarna saboda haure. Giwa kuwa ba ta saurin mayar da gurbi: cikinta wata 22 ne, ɗa guda take haifa, sai bayan shekaru ta sake. Wanda ya kashe uwa ɗaya ya kashe zuriya. A 2014 Gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka mai suna Wildlife Conservation Society, aka ƙarfafa sintirin masu gadi, aka rataya wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta hanyar tauraron ɗan'adam, kisan ya ragu. Aikin gadin nan ba na raggo ba ne, akwai masu gadin da suka rasa rayukansu a hannun maharba. A ɗaya ɓangaren kuma manoman da ke gefen dajin suna da nasu kuka, kuma kukan gaskiya ne: garken giwa yakan shiga gona da dare ya cinye wahalar shekara kafin asuba. Baƙon da ya zo kallo na kwana biyu bai kamata ya raina wannan ba.

Ladabin kallon giwa kaɗan ne, amma rai ya rataya a kansa. Ba a sauka daga mota sai ɗan rakiya ya yarda. Ba a ihu, ba a tafi, ba a matsa wa direba ya ƙara kusa domin hoto. Giwa mai ɗa ita ce mafi hatsari. Idan ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, tana kaɗa shi, to gargaɗi take yi, kuma gudunta ya fi na mutum nesa ba kusa ba.

Ga 'yan kasuwa kuwa akwai tambihi na musamman. A zamanin dā haure yana cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, tare da fata da gashin jimina, ba wanda ke ganin aibinsa. Wannan zamani ya wuce. Tun 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin haure tsakaninsu, dokar Nijeriya ma ta hana, har a watan Janairu na 2024 hukuma ta niƙe haure wajen tan biyu da rabi a Abuja, wanda aka ƙwace daga masu fasa-ƙwauri. Saboda haka idan wani ya raɓo a hanya da haure, ko fatar zaki, ko kitsensa na magani, yana cewa araha, mai saye ya sani ɗaurin kurkuku yake saye da kuɗinsa.

Ko da mutum bai ga giwa ba, ruwan Wikki kaɗai ya isa a zo dominsa. Maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse a gindin sansanin, ruwanta garau har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kuwa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, ba ya canjawa. Da rana maza da mata sukan cika wurin suna iyo. Dattijon da ba ya son cakuɗa sai ya sauka da sassafe, lokacin da tururi ke tashi a kan ruwan saboda sanyin hunturu, ba kowa sai tsuntsaye. Wajen bakin dutsen akwai zurfi, yaron da bai iya ruwa ba kada a sake shi.

Masu sha'awar labarin mutanen dā su roƙi ɗan rakiya ya kai su kogunan Marshall, ɗakuna ne da aka fafe cikin dutse, ana jin mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey, fiye da ɗari, waɗanda aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa, da kufan maƙera inda tsofaffin matoyan tama ke tsaye har yanzu. Waɗannan wurare ba su cikin zagayen da aka saba yi kullum, sai an shirya da ofishin sansani tun da dare, an kuma yi cinikin kuɗin mota kafin a hau.