Gyaran Kan Sandar Golf Don Kada Ya Kashe Ido

Ɗalibanmu na Unguwar Sarki sun san filin golf na Kaduna, wanda yake nan tun zamanin Turawa. Wasu ma sukan ɗauki jakar 'yan wasa lokacin hutu. Doka ta yarda da sanda 14 a jaka, yawancinsu kuwa masu kan ƙarfe ne.

Kan da yake ƙyalli kamar madubi yakan kashe wa mai bugu ido in rana ta take. Shi ya sa wasu suka fi son sheƙi mai laushi, irin na yadin satin. Asirinsa shi ne ƙananan zane masu yawa, duka sun fuskanci gefe ɗaya.

Da farko a wanke kan da sabulu, a rufe tsagogin fuskarsa da salatif, gama su ne suke kama ƙwallo. Sai a goga da sanfefa mai lamba 220, a bi da 400, a ƙarasa da 600. Hannu ya riƙa tafiya daga gindi zuwa baki kawai. In aka murza a zagaye, aiki ya ɓaci.

Amma a lura. Ƙarfe mara tsatsa yana jure wannan guga. Wanda aka yi wa rufin kurom kuwa, rufin siriri ne. In ya goge, damina ɗaya ta isa tsatsa ta ci shi. Saboda haka a nemi iznin mai sanda, a gwada a bayan kan tukuna. In launi ya sake, a dakata nan take. Sannu ba ta hana zuwa.