Allurar Ƙashin Baya: Ka Yi Tambaya Kafin Ka Kwanta

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a mota daga Kano zuwa Kumasi, ko ya wuni yana ɗaga dilar atamfa a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ya san ciwon baya. In ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ka ji wani ya ce, "Alhaji, je ka a yi maka allurar baya, sha yanzu magani yanzu ce." To, a dakata tukuna.

A wannan allura, likita kan zuba maganin kumburi, wato sitiroyid, a ɗan sararin da ke kewaye da laka. An shafe shekaru ana yin ta, amma FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ba ta amince da zuba maganin ta nan ba, duk da ta yi masa rajista don allurar gaɓoɓi da tsoka. Doka ba ta hana likita amfani da magani ta hanyar da ba ta cikin rajistarsa ba, sai dai haƙƙinka ne ya sanar da kai.

A watan Afrilun 2014, hukumar ta yi gargaɗi cewa, ko da yake ba kasafai ba, allurar kan jawo makanta, shanyewar jiki, har mutuwa. A 2012 kuwa, gurɓataccen maganin allurar daga wani kamfani a jihar Massachusetts ya sa wa mutum fiye da 750 sanƙarau da wasu cututtuka, 64 suka rasu.

A Ingila, ƙa'idar hukumar NICE ta 2016 ta ce kada a yi allurar don ciwon baya zalla, sai in ciwon sabo ne mai tsanani da ke sauka ƙafa saboda matsewar jijiya. Ko a nan ma, sauƙin yawanci na 'yan makonni ne.

Saboda haka ka tambayi likita sunan maganin, da ko zai duba da na'urar hoto yayin allurar. Ka faɗa masa in kana da ciwon suga, domin sitiroyid na ɗaga suga, ko kana shan maganin tsinka jini. Kada ka miƙa bayanka a kemis, komai araha.

In kuwa ciwon ya zo da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a rufe shago a garzaya asibiti. Allah Ya ƙara mana lafiya, uwar jiki.