Gadar Gladesville da Yadda Aka Tsai da Bakanta

Gadar Gladesville tana bisa kogin Parramatta, a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya. An soma aikinta cikin 1959, aka buɗe ta ran 2 ga Oktoba, 1964, a madadin tsohuwar gadar ƙarfe ta 1881 wadda motoci suka yi wa yawa. Bakanta na kankare ne, tazarar ƙafafunsa mita 305. Ba a sami bakan kankare da ya fi shi ba sai 1980, da aka gama gadar Krk a Yugoslabiya.

Abin lura shi ne, baka ba ya tsayuwa da kansa sai ya haɗu. Saboda haka magina suka kafa madogarin ƙarfe cikin kogin, suka jera tubalan kankare masu kogo bisansa, har haƙarƙari guda ya cika. Sa'an nan suka ɗura mai cikin waɗansu faya-fayan ƙarfe da aka saka tsakanin tubalan. Da suka kumbura, sai haƙarƙarin ya ɗagu, ya ɗauki nauyin kansa. Aka gusar da madogarin gefe, aka sake, har haƙarƙari huɗu suka kammala.

Nauyin gadar shi ke matse tubalan, gama kankare yana jure matsi, ja ne ke tsaga shi.