Tazargaden Filinge Ba Na Madagaska Ba Ne

Da damina ta sauka a Kurfai, sauro ya tashi, sai tsohuwar maganar nan ta dawo cikin wayoyin mutane: wai da tazargade ake haɗa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, to me zai kai mutum likita? Ranar kasuwar Filinge na ga mai magani ya kwance ƙullin leda, ya murza busasshen ganye a tafin hannu, ya kai hancin wata dattijuwa, yana rantsuwa cewa shi ne na Madagaska.

Asalin zancen watan Afrilun 2020 ne, lokacin da shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya fito da Covid-Organics, wai maganin korona, har aka aiko wa Nijar da nata a watan Mayu. Aka ce da Artemisia aka haɗa shi, wani ya ce ai Artemisia tazargade ne, shi ke nan magana ta bazu.

To Artemisia ba tsiro ɗaya ba ne, sunan zuri'a ne mai iri ɗaruruwa. Kamar ka ce hatsi: gero hatsi, dawa hatsi, maiwa hatsi, amma mai dama fura ta san wanda take nema. Ko baƙo ya sauka tasha ya ce a kai shi gidan Abdu. Wane Abdun? Wanda ake ciro sinadarin artemisinin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga jikinsa shi ne Artemisia annua na ƙasar Sin, wanda aikinsa ya ba mai bincike Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. Namu kuwa, masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun rubuta shi Artemisia maciverae, wasu na kiransa absinthium, mai sinadarin thujone da yawansa ke sa jijjiga. Hamada ma tana da nata, judaica da herba-alba. In sun bushe an marmashe su, hanci ba ya raba gardama.

Ko annua ɗin ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ba ta yarda a dafa a sha don zazzaɓi ba. Ƙarfinsa yau daban, gobe daban, ƙwayar cutar da aka dake ta ba ta mutu ba kuwa sai ta koyi taurin kai.

Iyayenmu sun yi turare da tazargade, sun shafa wa jarirai, ba su ce ya maye gurbin likita ba. Manya sun karɓi kwalayen Madagaska gaban kyamara, amma har yau ban ga jami'in da ya tsuguna gaban mai magani ya ɗauki ƙulli ɗaya don a je a duba ko wane iri ne ba.