Mutum-mutumin Masana'anta da Makomar Aikin Hannu a Ƙasar Zangon Daura

Gabatarwa

A faɗin ƙaramar hukumar Zango da wuya a sami injin da ya kai injin niƙa da na casar gero yawan aiki. Su ne masana'antun da kowa ya sani, sai kuma masu walda da ke haɗa ƙofofi da kurar ruwa a bakin hanya. Saboda haka ana iya ɗaukar batun mutum-mutumin masana'anta a matsayin labarin wata duniya da ba ta shafi wannan yanki na kan iyakar Nijeriya da Nijar ba. Sai dai wayar da ke aljihun manomi, da faifan sola da ke kan rufin shagon caji, da babur ɗin da ke jigila tsakanin Zango da Daura, galibinsu sun fito ne daga masana'antun da na'urori masu sarrafa kansu ke yin babban kaso na aikin. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda na'urorin suke, da yadda kasuwarsu ta bunƙasa, sannan ta duba hanyoyin da tasirinsu ke bi ya iso ƙasar Daura tun kafin su kansu su iso.

Mene ne Mutum-mutumin Masana'anta?

Sunan yana ruɗarwa. Wanda ya ji an ce mutum-mutumi ko saƙago zai zaci wani abu ne mai kai da ƙafafu irin na finafinai, alhali mafi yawan waɗanda ke masana'antu hannu ɗaya ne na ƙarfe da aka kafe a ƙasa. Hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta ɗauke shi a matsayin na'urar da ke aiki da kanta, wadda za a iya sauya mata umarni, kuma take da gaɓoɓin motsi uku ko fiye. Waɗanda aka fi amfani da su masu gaɓa shida ne. Sauya umarnin nan shi ne ya bambanta shi da injin niƙa: injin niƙa ba ya yin komai sai niƙa, amma hannun ƙarfen da ya yi walda yau ana iya sauya masa kai da umarni gobe ya koma fenti ko jera kwalaye.

An fara sa irin wannan hannu aiki a shekarar 1961, a wata masana'antar kamfanin General Motors da ke jihar New Jersey ta Amurka. Sunansa Unimate, George Devol ne ya ƙirƙiro shi, Joseph Engelberger kuma ya kai shi kasuwa. Aikinsa ɗauko sassan ƙarfe masu zafi daga injin zubi, aikin da ke ƙona ma'aikata. A ƙarshen shekarun 1960 aka samar da ƙaramar kwamfutar masana'anta da ake kira PLC, wadda ke kunna injuna da kashe su bisa tsari. Ba a cika ambatonta ba saboda ba ta da ban sha'awa a hoto, amma ita ce ginshiƙin sarrafa kai a yawancin masana'antu, har da na Kano.

Bunƙasar Kasuwa

Alƙaluman da aka fi dogaro da su a wannan fanni su ne na ƙungiyar IFR mai ofishi a birnin Frankfurt na Jamus. A cewarta, a shekarar 2023 an girka sababbin mutum-mutumi sama da 540,000 a masana'antun duniya, abin da ya kai jimillar masu aiki zuwa fiye da miliyan 4.2. Nahiyar Asiya ce ta kwashi kashi 70 cikin ɗari na sababbin, ƙasar Sin kaɗai ta girka fiye da rabin na duniya baki ɗaya. In aka auna da yawan ma'aikata a shekarar 2023, Koriya ta Kudu ce kan gaba, da mutum-mutumi sama da 1,000 ga kowane ma'aikatan masana'anta 10,000, yayin da matsakaicin duniya yake 162. Masana'antun motoci da na kayan lantarki su ne manyan masu saye. Kason Afirka ƙanƙane ne ƙwarai, kuma ya taru ne a inda ake haɗa motoci, kamar Afirka ta Kudu da Maroko.

Shekaru da dama kamfanoni huɗu ne suka riƙe kasuwar: FANUC da Yaskawa na Japan, da ABB mai hedkwata a Suwizalan, da KUKA na Jamus. A 2016 kamfanin Midea na ƙasar Sin ya shiga sayen KUKA, kuma tun daga nan kamfanonin Sin na cikin gida suke ta ƙara kasonsu, suna karya farashi. Wannan faɗuwar farashi ita ce ta fi shafar ƙasa irin Nijeriya, domin kusan duk injin da ke isowa kasuwannin Arewa yana isowa ne bayan masana'antun Sin ko Indiya sun yi mai araha.

Daga cikin sababbin fasahohi, biyu ne suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko ƙaramin mutum-mutumi mai aiki kafaɗa da kafaɗa da mutum, wanda ke tsayawa da zarar ya ji ya taɓa jiki, don haka ba ya buƙatar keji. Kamfanin Universal Robots na Denmark ya fara sayar da irinsa a 2008, kuma ana iya koya masa aiki ta hanyar kama hannunsa a nuna masa inda zai bi. Na biyu shi ne gani: kyamarori haɗe da ƙirƙirarriyar basira, masu bambance mai kyau da marar kyau cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma kekuna masu tuƙa kansu a cikin rumbunan ajiya, da na'urorin da ke sauraren ƙarar inji su faɗi lalacewarsa kafin ya tsaya, amma waɗannan sun fi nisa da buƙatun yankin da ake magana a kai.

Dalilin da Ya Sa Bai Iso ba

Mai masana'anta ba ya sayen mutum-mutumi don ado, lissafi yake yi. Ƙaramin hannun ƙarfe na fitattun kamfanoni yakan haura dala 20,000 kafin a haɗa masa kai da kuɗin girkawa. A lokacin da dala take naira 1,500, wannan naira miliyan 30 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato kuɗin hannu ɗaya zai biya ma'aikaci guda fiye da shekara 35. A Koriya ko Jamus albashin ma'aikaci na shekara ɗaya ya wuce kuɗin. Inda ƙwadago yake da araha, kuɗin waje kuma yake da tsada, lissafin ba ya fita.

Sai matsalar wuta. Abin da babban layin lantarki na ƙasa ke rabawa yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutane sama da miliyan 200, kuma a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layuka. Injin niƙa yana jure ɗaukewar wuta, a tashe shi a ci gaba. Na'ura mai kwamfuta kuwa hawa da saukar ƙarfin wuta kaɗai na iya ƙona allonta, kuma sau da yawa sai an yi odar wani daga waje. Tarihin masana'antun Arewa ma bai ba da ƙwarin guiwa ba: masaƙun Kaduna da na Kano da suka ɗauki dubban ma'aikata sun durƙushe tun kafin a fara zancen mutum-mutumi, sakamakon tsadar makamashi da kwararowar atamfa daga waje. Inda sarrafa kai ya samu gindin zama shi ne manyan kamfanoni masu samar da wutar kansu, kamar na siminti da na lemon kwalba.

Riɗi, Wake da Idon Na'ura

A nan ne batun ya sauko gonakin Zango. Ƙasar yankin jigawa ce mai ƙarancin ruwan sama, ana noma gero da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo. Riɗin da dillalai ke saye a kasuwannin ƙauye yakan wuce Kano, musamman kasuwar Dawanau, daga nan a tace shi a tura tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. Masu saye a can suna gindaya sharaɗin tsabta mai tsanani: ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi, ba baƙin ƙwaya a cikin fari.

A al'ada wannan aiki na mata ne. Su ke shiƙa da bakace da tankaɗe, su zauna da faifai suna tsince. Yanzu kamfanonin tace riɗi da na casar shinkafa suna amfani da na'urar tantance launi, wadda 'yan kasuwa ke kira Sortex, da sunan kamfanin Ingila da ya shahara da ita, wanda yanzu yake hannun Bühler na Suwizalan. Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayoyin suna gangarowa ta wata magudana, kyamarori suna duban kowace ɗaya a daidai lokacin da take faɗowa, in launinta ya saɓa sai wani ɗan bututu ya hura iska ya kaɗe ta gefe. Abin da mata da yawa za su wuni suna tsincewa, na'urar na gamawa cikin mintoci. Bisa ma'anar ISO ba mutum-mutumi ba ce, tunda ba ta da hannu, amma idonta irin nasa ne, kuma ita ce fuskar sarrafa kai da ta fi kusa da manomin ƙasar Daura.

Sakamakon iri biyu ne. Riɗin Nijeriya yana samun shiga kasuwannin da da ba zai shiga ba, wannan kuwa alheri ne ga mai noma shi. Amma ribar da ke tsakanin buhun da ba a tace ba da wanda aka tace tana tsayawa ne a inda na'urar take, wato birni, sannan ladan tsince da mata ke samu yana raguwa ba tare da an lissafa shi a matsayin asarar aiki ba, don tun asali ba a rubuta shi a matsayin aiki ba. Ya kamata kuma a san iyakar na'urar. Tana ganin launi, ba ta ganin guba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari a cikinsa, matsalar da ke farawa tun daga rumbu da shagon ajiya, wadda babu kyamarar da za ta kaɗe ta.

Akwai wata barazana da ta fi wannan faɗi. Japan da Koriya da Sin duk sun hau matakin ci gaba ne ta hanyar kwashe matasan karkara zuwa masana'antu masu buƙatar hannaye da yawa. Matashin Zango da ke tafiya ci-rani Kano ko Legas bayan kaka yana neman irin wannan tsani ne. In kamfanonin Sin za su iya maye gurbin ma'aikatansu da suka yi tsada da na'urori, to dalilin da zai sa su kwaso masana'antunsu zuwa Afirka don neman ƙwadago mai araha ya ragu. Masana tattalin arziki ba su yi ittifaƙi a kan girman wannan haɗari ba, domin ɗinkin tufafi da haɗa takalma har yanzu suna gagarar na'ura, yadi da fata ba sa tsayawa wuri ɗaya kamar ƙarfe. Wannan kuwa labari ne mai daɗi ga yankin da ya gaji jima da dukanci da ɗinki.

Abin da Ke Ƙofar Gida

Masarautar Daura ta samu cibiyoyi biyu da suka dace da wannan zance: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, aka aza harsashinta a watan Disamba na wannan shekarar. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda aka tsara zai ratsa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Sunan Zango kansa yana tuna mashigar ayari, inda fatake ke sauke kaya su huta, kuma in jirgin ya fara aiki yankin zai sake samun kansa a kan babbar hanyar fatauci.

Ƙera mutum-mutumi ba shi ne buƙatar gaggawa ga waɗannan makarantu ba. Giɓin da ya fi fitowa fili shi ne na masu gyara: wanda zai iya karanta umarnin PLC, ya daidaita kyamarar na'urar tantance launi, ya haɗa wutar sola da batura ta yadda ƙarfinta ba zai riƙa hawa da sauka ba. Yankin yana da makanikan da suka koyi gyaran injin ban-ruwa da janareto da waya ta hanyar zama a gaban maigida, ba tare da takardar shaida ba, kuma su ne za su fi saurin ɗaukar irin wannan horo in an buɗe musu gajerun kwasa-kwasai da Hausa. Ƙaramar na'urar tantance launi ta kamfanonin birnin Hefei na Sin ta fi ƙarfin manomi ɗaya, amma ba lallai ta fi ƙarfin ƙungiyar manoma ko ta mata masu sana'ar riɗi ba, matuƙar akwai mai gyara ta a Daura, ba sai an jira wani ya taso daga Sharaɗa ko Bompai ba.