Gobarar Lahaina da Gudummawar Maƙwabta

Gobarar daji, wato wutar da kan tashi a cikin ciyawa ko kurmi ta bazu har ta gagari masu kashewa, ta fi yin ɓarna a garuruwan da suke dab da busasshen fili, kamar yadda ya auku a Lahaina, tsohuwar fadar masarautar Hawaii da ke tsibirin Maui a Amurka, ranar 8 ga Agusta 2023. Iska mai ƙarfi ta tsinka wayoyin lantarki, wuta ta kama ciyawar da ta mamaye tsofaffin gonakin rake da aka daina nomawa, kafin gari ya waye gine-gine fiye da 2,000, akasarinsu gidajen zama, sun zama toka, kuma mutane kimanin 100 sun rasa rayukansu.

A kwanakin farko, lokacin da hukuma ta taƙaita bin hanyar shiga yankin, babu lantarki kuma wayar salula ba ta tafiya, maƙwabta ne suka fara kai ɗauki. Masunta da masu jiragen yawon buɗe ido sun yi ta lodin ruwan sha da shinkafa da man fetur da janareto daga wasu sassan Maui da tsibirin Molokai, suna saukewa a gaɓar Kahana, inda jama'a suka jera cikin ruwa suna miƙa kwalaye hannu da hannu har zuwa tudu. An mayar da filayen shaƙatawa, irin na Napili, wuraren rabon abinci da magani, su kuwa waɗanda gidajensu suka tsira suka sauki iyalan da suka rasa matsuguni. Abin da ya sa wannan taimako ya isa inda ake buƙatarsa shi ne sanin juna, domin maƙwabci ya san tsohuwar da maganinta ya ƙone, ya kuma san wanda Turancinsa bai kai ya cike takardun neman tallafi ba, musamman da yake da yawa daga cikin mazauna garin 'yan asalin Filifin ne.

Sai dai zumunci yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, tun da sauke baƙo na mako guda daban yake da riƙe shi shekara. FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, tare da ƙungiyar Red Cross sun ajiye dubban mutane a otal-otal na tsawon watanni, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi a tsibirin da dama can yake fama da ƙarancin gidaje, har wasu iyalai suka yi ƙaura dungurungum. Saboda haka, gudummawar maƙwabta ce ta riƙe mutanen Lahaina a ranakun da hannun hukuma bai iso ba, amma mayar da iyalai dubbai ƙarƙashin rufin kansu nauyi ne da ya rataya a wuyan hukuma.